Hannun Mang Doming (Shafi na 23)

Sannunku da jira, jama'a. Na ga ƙorafin masu cewa na bar su tsaye a bakin ƙofa. To, a gyara zama, yau ƙofar za ta buɗe.

Sarauniyoyi shida, wato maza masu shigar mata, suka rage a gasar talabijin ta Kambi Ɗaya, kuma duk shidan suna jere a ɗakin aiki da cikakkiyar kwalliyarsu. Da safen nan aka ɗauki wasan hoto, Madam Charito mai shirya shirin kuma ta ce kada wanda ya taɓa fuskarsa sai ta ba da izini.

Efren ne na uku a layi. A ɗakin nan ba mai kiransa Efren. Marikit ake kiransa, "ke" ake ce masa, kamar kowane namijin da ke gasar tun ranar da aka karɓe wayoyinsu aka rufe su a sutudiyo.

Mai gabatarwa ta faɗi aikin makon. Za a kawo direbobi shida na jifni, motar hayar cikin gari, daga tashar Cubao, kowace sarauniya ta ɗauki ɗaya ta mayar da shi ƙanwarta: ta ɗinka masa riga, ta yi masa fuska, ta koya masa tafiya da takalmi mai tsini. Aka yi shewa. Efren ma ya taya, don a cikin motar haya ya tashi, ya san yadda ake lallaɓa direba.

Sai ƙofa ta buɗe.

Biyar suka shigo suna tura juna, suna dariyar kunya. Na shidan ya shigo a baya shi kaɗai, ba ya dariya. Gajeren dattijo ne, da farin tawul a wuya, yana ɗan jan ƙafar hagu irin ta wanda ya tsufa yana taka kuloci.

Tafiyar Efren ya fara ganewa kafin fuskar.

Tatay. Ubansa, Mang Doming.

A sanin Mang Doming, ɗansa yana tsakiyar teku yana dafa wa ma'aikatan jirgin dakon kaya abinci, shi ya sa ba a samun wayarsa. Da wannan ƙaryar Efren ya baro garinsu Antipolo, uban ya rako shi har tasha, ya sa masa albarka.

Mama Sabel ce kusa da shi, babbar cikinsu, mai jiki, tela ce a kasuwar Divisoria, ta raini 'yan dandali da yawa a ɗakinta. Efren bai san ya damƙi hannunta ba sai da ta ɗan yi tsaki.

"Ke, faratanki. Lafiya kika yi sanyi kamar kifin kasuwa?"

Efren ya danne ɗan makirufon da ke maƙale a ƙirjinsa da tafin hannu.

"Mai tawul ɗin nan. Ubana ne."

Murmushin Mama Sabel bai gushe ba, don kyamara tana kansu. Ta cikin haƙora ta tambaye shi ko uban ya sani. Efren ya girgiza kai kaɗan. Ta ce to ya miƙe ƙafadunsa, ya rufe bakinsa, ya bar mata sauran.

Ita ta ci wasan safe, saboda haka ita ke da ikon rabo. Ta taka zuwa gaban direbobin tana rangwaɗa, ta duba su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kaza, ta ce tsoho sai tsohuwa, ba za ta bar wa yaran nan dattijo su kashe shi da rawar kai ba. Aka bushe da dariya. Ta kama Mang Doming ta ja shi teburinta, ta ba Marikit wani dogon direba mai yawan hamma da ake kira Nonoy.

Da aka zo gaisawa, Efren ya rungumi bandir ɗin yadi da hannu biyu, ya ɗan rusuna daga nesa. Ba hannun da zai miƙa.

Ba don komai ya yi haka ba sai don mano. Kowane ɗa na gari ya san idan ya ga babba zai kama hannunsa ya kai goshinsa, babban ya sa masa albarka. Amma Mang Doming yana da nasa ƙarin: duk wanda ya kai hannunsa goshi, sai ya zana masa alamar gicciye da babban yatsa. A goshin Efren kuwa, a gefen hagu kusa da gashi, akwai tabo mai ɗan rami, na ranar da ya faɗo daga matakalar bayan jifni yana kiran fasinja. Tun daga ranar, a kan tabon nan uban yake zana gicciyen kowace yamma. Hoda tana iya rufe tabo ga ido. Ba ta rufe shi ga yatsa.

Kuma Mang Doming ba ya duka. Da duka yake yi da da sauƙi. Lokacin da Efren yake ƙarami, uban ya taɓa dawowa gida ya same shi ya ɗaura labulen falo yana tafiya kamar sarauniyar bikin Mayu. Da yamma ta yi, 'ya'ya suka jeru, Efren ya miƙa hannu, sai uban ya mayar da nasa baya. Damina guda yana mayar da hannun nan baya. Efren yana cin abinci a gidan, yana kwana a gidan, amma kamar babu shi. Har yau idan ya yi mugun mafarki, ba dodo yake gani ba. Hannu yake gani yana komawa baya.

Aka fara aiki. Teburin Mama Sabel yana manne da na Efren, ba abin da ya raba su sai keken ɗinki. Efren ya juya baya yana auna Nonoy, amma kunnuwansa duka suna can.

Mama Sabel ta zagaya tef a cikin dattijon, ta ce wannan tumbin ai ba na shinkafa kaɗai ba ne, akwai hannun mai sayar da taliya a tasha. Mang Doming bai yi dariya ba. Ya ce shugaban ƙungiyar direbobi ne ya roƙe shi ya zo, an ce musu shiri ne na karrama direbobi, ba a gaya musu akwai sa siket ba. Amma ya riga ya ce to, shi kuma ba ya cewa to ya dawo ya ce a'a. Su yi abin da za su yi a gama.

Ta tambaye shi iyali, don ta ɗauke hankalinsa daga teburin gefe. Kuskure ta yi. Muryar dattijon ta sake nan take. Ya ce 'ya'yansa mata biyu sun yi aure, namijin ɗaya ne, auta, yana cikin jirgin ruwa. Ya ce yaron yana da hannun girki irin na marigayiya uwarsa. Ya ce duk sanda ya hau tudun Antipolo ya hango ruwa daga nesa, sai ya rage gudu ya yi masa addu'a, fasinja suna ta mita.

"Da yana ƙarami na ji tsoron inda zai karkata," ya ce. "Amma Allah ya gyara mini shi."

Allura ta shige yatsan Efren. Bai ji zafinta ba sai da ya ga jini a yadin. Nonoy ya ce, 'yar'uwa, a hankali, ni za a yi wa ado ba yanka ba.

Mang Doming ya waiwayo.

Efren ya ji idon nan a bayan wuyansa kamar an ɗora masa ƙanƙara. Ya ƙara sunkuyar da kai, hular gashin ta zubo ta rufe masa kumatu.

"Waccan ba ta magana ne?"

Mama Sabel ta ce muryar Marikit ce ta dishe, jiya ta yi waƙa kamar akuyar da aka taka, alƙalai suka roƙe ta ta huta. Dattijon ya gyaɗa kai. Ya laluba aljihun rigarsa, ya ciro alawar citta guda ɗaya, ya miƙa ta saman keken ɗinki ya ajiye a gefen almakashin Efren. Ya ce ta tsotsa, kada ta tauna, haka yake gaya wa ɗansa kullum amma ba ya ji.

Efren ya kalli alawar. Ya ajiye allura, ya yi wa Nonoy alamar zai zaga, ya fita da sauri iyakar yadda takalmin ya bari.

A lungun bayan labule ya tarar da Madam Charito, da abin sauraro a kunne, tana kallon ƙananan allunan da ke nuna kowace kusurwa ta ɗakin. Ɗaya daga cikinsu ba abin da yake nunawa sai alawar citta a gefen almakashi.

"Kin sani," in ji Efren, da muryarsa ta gaskiya.

Ba ta musa ba. Mace ce mai sanyin magana, ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ta ce ta san labari mai kyau idan ta ji shi, kuma shi da bakinsa ya ba ta.

Gaskiya ne. A makon farko, a ɗan ɗakin hira inda ake zaunar da mutum shi kaɗai da kyamara a miƙa masa abin share hawaye, ya faɗi komai. Jirgin ƙarya, labulen falo, tabon, yatsan, sunan tashar. Yana ganin shirin ba zai fita ba sai bayan watanni, kafin nan zai koma gida ya durƙusa ya gaya wa uban a tsakaninsu su biyu, a bayan mota, inda ba mai ji.

Ya roƙe ta. Ya ce ta bar shi ya yi hakan. Ya ce ta mayar da dattijon gida, ta ce an samu kuskure, ta kawo wani direban, ai tasha cike take da su. Ta saurare shi har ya gama, kamar likita.

"Marikit, ƙasar nan duka za ta ga fuskarki ko ba daɗe ko ba jima. Gara ya ji a nan, cikin mutane. Ba uban da ke dukan ɗansa a gaban kyamara."

"Ba ya duka. Hannunsa yake janyewa."

"Na sani," ta ce a hankali. "Kin gaya mini."

A nan ne tsoron ya kai masa har ƙashi. Ya ce to ya fasa gasar, a buɗe masa ƙofar baya. Ta ce ba mai tsare shi, amma ya san al'adar shirin: duk wadda za ta fita, a tsakiyar ɗakin aiki take tsayawa, ta cire hular gashinta, ta faɗi sunanta na gida da sunan garinsu a gaban kowa. Ba a taɓa sauya wa kowa ba. Ta gyara masa wani dutse da ya karkace a kafaɗar rigarsa, ta ce ya koma, Nonoy yana jira.

Ya koma. Ina zai je?

Yinin nan ya ja kamar ba zai ƙare ba. Efren ya yanka hannun riga biyu duk na dama. Mama Sabel ta yi iyakar yinta: ta juya kujerar dattijon tana kallon bango, ta cika shi da labarin kasuwa, ta sa shi riƙe madubi, ta sa shi zare. Har ta samu ya yi murmushi sau ɗaya, da ta sa masa takalmi mai tsini ya tsaya yana lilo kamar jifnin da aka yi wa lodi gefe guda. Efren ya fara tunanin ko za a tashi lafiya. Gobe kuma, da fuska wankakkiya, sai ya san ƙaryar da zai yi, ko zazzaɓi ko wani abu.

Rana ta yi sanyi. Sai ga ma'aikata biyu sun zo sun tura babbar ƙofar ƙarfe ta shigo da kaya, wadda tun zuwansu ba a taɓa buɗewa ba. Suka ce Madam ce ta ce a sha iska.

Iska ta shigo, da hayaƙin titi, da ƙamshin gasasshiyar ayaba.

Sai ƙararrawar cocin da ke bayan sutudiyo ta fara bugun addu'ar yamma.

Kekunan ɗinki suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Direbobi suka cire huluna. Mang Doming ya miƙe, ƙafa ɗaya da takalmi mai tsini ɗaya ba komai, ya sunkuyar da kai yana motsa baki. Sarauniyoyin ma suka yi shiru, don duk kwalliyar nan a gidajen iyaye suka tashi, sun san abin da ke biyo bayan ƙararrawar.

Ƙaramarsu ce ta fara, mai koren gashi. Ta je gaban dattijon, tunda shi ne babba a ɗakin, ta rusuna ta kama hannunsa ta kai goshi. Ya ɗan yi jim, sannan ya sa mata albarka, ya zana mata gicciye. Ta ɗago tana dariya da hawaye tare, ta ce wata nawa rabonta da hannun babba. Sai ta biyu ta bi, ta uku ta bi, ta huɗu ta bi. Bayan hannun Mang Doming ya yi fari da hoda, yana ƙyalli.

Mama Sabel ta ga inda aka dosa. Ta bangaje tiren duwatsun ado da gangan, suka watse ko'ina, ta hau faɗa a zo a tsince kafin wani ya zame ya karye. Ba wanda ya motsa. Ta je ta yi nata manon da sauri, ta ce to an gama, kowa ya kama aikinsa, gam ɗin girar yaran nan ba ya son taɓi.

Lasifikar da ke saman ɗakin ta yi ƙara kaɗan.

"Marikit," in ji muryar Madam Charito. "Saura ke."

Kowa ya juyo. Kyamarori uku suka taho a kan tayoyinsu ba ƙara. Mang Doming yana tsaye, hannunsa a miƙe, yana jira da haƙuri irin na mai jiran fasinja ya gama hawa.

Ƙin zuwa cin fuskar dattijo ne a gaban ƙasa. Efren ya sani, uban ma ya sani.

Ya ja hular gashin ƙasa har ta kusa taɓa gira. Ya ce a ransa gefen dama zai ba shi, gefen dama kawai, ya taɓa ya tashi. Ya taka a kan duwatsun da suka watse, suna ƙara a ƙarƙashin takalminsa. Bai ga kowa ba sai hannun.

Ya rusuna. Ya kama shi.

Warin gas da man zafi. Kantar sitiyari a tafin. Hannun da ya fi sani a duniya. Ya kai shi goshi, gefen dama, kamar yadda ya shirya.

"Allah ya yi miki albarka, yarinya."

Babban yatsan ya ɗago zai zana gicciye.

Abin da ya faru bayan nan, ba Efren ne ya yi shawararsa ba. Wuyansa ne. Wuyan da ya yi shekara da shekaru yana yin abu ɗaya kowace yamma idan ƙararrawar nan ta buga. Kan ya karkata da kansa, ya kai wa yatsan gefen hagu, kamar yadda ɗan maraƙi ke kai wa uwarsa goshi.

Yatsan ya sauka. Ya faɗa cikin ramin.

Ya tsaya.

Yatsan ya koma sama, ya sake saukowa a hankali, ya tura bakin hular gashin, ya bi tabon daga farkonsa har ƙarshensa.

"Ina kika samu wannan?"

Mama Sabel ta yi wuf ta ce faɗuwa ta yi a dandali bara, duk 'yan rawa suna da irinsa, ita ma tana da nata a wurin da ba a nunawa. Ba wanda ya yi dariya. Mang Doming ko kallonta bai yi ba.

"Dandali ba ya yin irin wannan," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Matakalar mota ce. Ni na ɗauki mai shi zuwa asibiti, jininsa a rigata."

Efren yana nan a sunkuye. Ya so ya saki hannun ya gudu, sai ya tarar ba shi ke riƙe ba yanzu. Yatsun uban ne suka zagaye wuyan hannunsa.

Da ɗaya hannun Mang Doming ya zare tawul ɗin wuyansa. Ya miƙa shi har ya taɓa ƙirjin rigar mai duwatsu.

"Goge."

"Mang Doming, don Allah, ba a nan ba," in ji Mama Sabel. Wasan ya fita daga muryarta gaba ɗaya, muryar namiji ce mai shekaru ta fito.

"Ba na magana da fuskar da ban haifa ba. Goge."

Kyamara ɗaya ta matso har Efren yana jin ɗumin fitilarta a kunnensa. Ƙararrawar ta yi bugun ƙarshe ta yi shiru.

Ya karɓi tawul ɗin. Yana da ɗumi, da zufar yinin uban. Ya ɗora shi a goshi, ya danna, ya ja shi ƙasa sau ɗaya ta gefen hagu. Girar da aka zana ta tafi. Gashin idon ya biyo ta, ya maƙale a tawul kamar mataccen ƙwaro. Rabin fuskar Marikit ce, rabin ta Efren.

Ya ɗago ido.

"Tatay," ya ce.

Sai ya ji yatsun da ke wuyan hannunsa sun fara saki, ɗaya bayan ɗaya.